Mai Aski da Taswirar Ƙwaƙwalwa

Babana mai aski ne, kuma ban taɓa ganin mai tambaya irinsa ba. In ka zauna a kujerarsa, kafin ya kakkaɓe maka wuya ya gama sanin sirrin sana'arka. Yakan ce tun yana saurayi yake riƙe kawunan mutane, amma bai taɓa leƙa cikin ko ɗaya ba, abin kuwa yana cin sa.

Ina tsakiyar karatun likita Mama ta samu shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama ya mutu, magana ta ɗauke. Tana jin mu sarai, kalma ce dai ta ƙi fita. Kullum Baba ya dawo sai ya zauna ya yi ta murza mata gefen kai na dama da man shagonsa.

Wata rana ina karatu a bencin shagon, na buɗe taswirar ƙwaƙwalwa a kwamfuta, irin wadda ake juyawa da yatsa a ɓare ta sala-sala. Sai ga Baba a kaina, ya bar wani bawan Allah da rabin aski.

"Nuna min inda ya lalace a kan mamarki."

Na taɓa ɓangaren hagu, wurin ya yi haske.

"Hagu kuma? Ai dama ce ta mutu."

Na gangara da hoton zuwa saman wuya, na nuna masa inda jijiyoyin suke gitta juna, na hagu su tafi dama. Ya sa na juya masa ta baya, ta sama, ta ƙasa. Mai rabin aski ya gaji da gyaran murya, shi ma ya taso kallo.

"Wato duk murzar nan gefen lafiya nake yi wa," in ji Baba. Tausayinsa ya kama ni, na kasa ce masa man shafawa ba ya ratsa ƙashi.

"To shi gefen da ya tsira, me yake yi?"

Na ce malaminmu ya ce wasu da magana ta ɗauke musu suna iya waƙa, don waƙa ta fi ƙarfi a gefen dama na ƙwaƙwalwa.

Baba fa muryarsa sai haƙuri. Da yamma ya zauna gaban Mama ya ɗauko waƙar da take yi in tana wanki, yana ta kwaɓa ta. A baiti na biyu ya saka kalmar da ba ita ba. Mama ta harare shi, ta buɗe baki ta rera daidai.