Ba Mamman Tafinta ne ya ɓata zaman iyaka ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan, ko kokon da aka dama min ban kai baki ba, waya ta shigo daga Babura: Yaya Mamman Tafinta ya rasu.

Ni ban yi boko ba, 'yata Hajiya Rabi ke rubutawa. Na ce kada ta gyara min magana.

Shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kano muka san juna. Ina saurayi mai bin sawu daga Gwiwa, in an kore shanu ni ake kira. Shi yana tafinta, yana jin bakin Turawan Ingila da na Faransa. Ranar farko ya dubi ƙafata duk ƙaya, ya cire takalminsa ya ba ni, ya koma gida ba takalmi.

Wasiƙa in ta zo min, sai ya ja ni gefe ya karanta. Bai taɓa karanta min a gaban mutane ba.

To, ga abin da ke ci na.

Al'adar iyayenmu, in sawun ɓarawo ya kai bakin garinku, ku ke karɓa, ku fitar da shi gaba ko ku fito da ɓarawon. Da Turawa suka kafa turakun iyaka, aka ce mai bin sawu ya tsaya nan. Sau nawa ina tsaye, ga kashin shanun ɗanye a ƙetare, sai kallo!

Kuka ya yi yawa, aka kira zama ƙarƙashin wata tsamiya arewa da Babura. Baturen Ingila, Baturen Faransa, da dagatai na nan da na can. Ni aka kai don in nuna yadda ake bin sawu, saboda haka ina wurin, ba ji na yi ba.

Turawan biyu abokai ne, tare suka yi yaƙi, duk sun yarda tsarin ya lalace. Na Ingila ya ce mu riƙa ƙetarawa da ɗan doka. Na Faransa ya ce mai kakin wani ba zai taka masa ƙasa ba, a fara ƙara wa dagatansa kujeru a zaman iyaka. Na Ingila ya ce kujeru sun isa. Kuma kowannensu na son in ya ce a'a, magana ta mutu.

Yaya Mamman ya durƙusa ya ce, "Ranku ya daɗe, a bar mana na iyayenmu mana. Na nan ya miƙa wa na can sawu a bakin turke." Duka suka ce dabara ce mai kyau. Sai wannan ya ce wancan ya fara sa hannu, wancan ya ce sai wannan.

Suka sha shayi, suka yi musabaha suna dariya, kowa ya shiga motarsa.

Wa aka bari ya fito ya gaya wa makiyaya? Tafinta.

Wani Arɗo da aka kwashe wa garke ya nuna shi da sanda: "Kai ka ɓata zaman nan!" Sunan ya bi shi daga ranar. Mamman Ɓata-Zama. Na tashi zan yi magana, ya damƙe min hannu ya ce, "Ƙanena, bar su. Ni za su iya zagi, Bature ba za su iya ba. In ba su zagi wani ba, ƙetarawa za su yi da kibau." Ya sa na yi alkawarin shiru muddin yana raye.

Bayan Sallar layyar da ta wuce na je gaishe shi. Rediyo na cewa manyan ƙasashe ƙawayen juna sun kasa shiryawa kan gyaran majalisar tsaro ta duniya, wa za a ƙara wa kujera, wa ke da ikon cewa a'a. Ya yi dariya har da tari. "Ɗan Gwiwa, ka ji su? Har yau ba su tashi daga gindin tsamiyar nan ba." Na ce Yaya, ka sake ni in faɗa. Ya ce, "Kai dai da taurin kai. Saura kaɗan."

Wanda ya kira ni yau, jininsa ne, amma da sunan nan na Ɓata-Zama ya kira shi. Zuriyarsa sun ɗauka gaskiya ne, wasu ma kunyar sunan suke ji.

Allah ya jiƙanka Yaya Mamman, ya haskaka kabarinka, ya saka maka haƙurin da ka yi da Aljanna. Duk wanda wannan ya iso wa, don Allah ya yi masa addu'a, kuma ya ambace shi da Tafinta.

Hajiya Rabi ta ce ƙafata ba za ta iya tafiya ba. Gobe in na idar da Asuba, ko a bayan babur ne sai na je Babura. Zan zauna a tsakiyar masu zaman makoki, in sa a kira min iyalansa maza da mata, in faɗi yadda aka yi tun daga farko. Wanda ya gaji ya tashi, ni sai na kai ƙarshe.