Hoto Ma Sai da Sallama: Jinjina ga Malama Batula Ashafa

Duk wanda ke bin layinmu na bayan kasuwar Dutsin-Ma da sassafe ya san Malama Batula Ashafa, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan mai farin tabarau da ke fitowa tun masu ƙosai ba su gama hura wuta ba, da wani naɗaɗɗen ƙyalle a hammata kamar mai zuwa tallan atamfa. 'Yan kabu-kabu sun gaji da yi mata oda sun haƙura, don sun san da ƙafa take tafiya. Ni maƙwabcinta ne, katanga ɗaya ta raba mu, kuma 'yata Surayya ta bi ta hannunta a sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo inda take koyar da Hausa. Saboda haka abin da zan faɗa a nan ba jita-jita ba ce.

Wannan ƙyalle da kanta ta ɗinka shi daga tsofaffin zannuwanta, ta yi masa aljihu-aljihu tun daga sama har ƙasa. Da ta isa makaranta sai ta rataye shi a barandar ofishinta, ta jawo kujera ta zauna. Duk yarinyar da ta zo da waya nan za ta fara tsayawa, ta gaishe ta, ta kashe wayar, ta zura a aljihunta. 'Yan matan suna kiransa zanen goyo, kuma daga bakin Malama suka samo sunan, don in ta ga yarinya na jan ƙafa tana shafa waya sai ta ce, "Kawo jaririyar a goya maki, ba ta kuka. In ta yi kuka ni zan lallashe ta." Sai an tashi tara, ko wani malami ya buƙaci a bincika wani abu a darasi, sannan a sauke goyo.

A ƙarshen zangon da ya wuce Malama ta ajiye alli, shekarun aikinta sun cika. Na ga ana ta buga hotunan manya a bango ana yi musu kirari, wasu ma ban san abin da suka tsinana wa garin nan ba, shi ya sa na ce ba zan bari wannan baiwar Allah ta koma gida shiru ba. Yabon gwani ya zama dole.

Kafin zanen goyo akwai bokiti. Lokacin da wayoyi suka fara cika jakunkunan yara, hukuncin makarantar shi ne duk wayar da aka kama a tsoma ta a ruwa a gaban kowa. Wayoyi sun sha wanka, amma ba su daina zuwa ba, sai dai suka koma cikin safa da ƙasan kwanon abinci. Laifin kuma ba na yaran kaɗai ba ne. Da yawansu daga ƙauyuka suke zuwa, wasu daga wajen Zobe, wasu daga ƙasar Kurfi, kuma kowa ya san yadda hanyoyinmu suka zama a shekarun nan. Uwa ba ta samun natsuwa sai ta ji muryar 'yarta ta ce ta iso lafiya. Ina zaune a taron iyaye da malamai ranar da aka yi ta kai ruwa rana a kan maganar nan, wasu na cewa a ƙara girman bokiti, wasu na cewa a sakar wa yara mara. Malama ta miƙe ta ce, "Wuƙa ma tana yanka, amma ba wanda ya hana ɗiyarshi shiga madafi. Koya mata riƙo akai. Ku ba ni su in riƙe, in kuma koya masu riƙo." Aka yi dariya, aka ba ta, ina jin don kowa ya gaji ne.

Ta koya musu kuwa. Surayya ce ta hana uwarta karanta wa wani ɗan damfara lambobin katinta a waya, ta fizge wayar ta ce Malama ta ce banki ba ya kiran mutum ya tambaye shi sirrinsa. Wata yarinya da wani baƙo ya dame ta da saƙonni ta kai wa Malama ƙara da kanta, abin da a zamanin bokiti ba za ta taɓa yi ba, tunda faɗin hakan tona wa kai asiri ne. Amma abin da ya sa sunan Malama ya zauna a bakin mutane shi ne abin da ya faru da Na'ima wasu shekaru da suka wuce.

Na'ima 'yar Malam Garba ce, wani manomi mai kiwon shanu a Tamawa. Tana zaune wurin goggonta a nan gari don karatu, kuma ita ce mace ta farko a gidansu da ta kai babbar sakandare. Ita ce 'yar farinsa, don haka bisa alkunyar mutanensa bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai ya ce "yarinyar nan". Wata rana a lokacin tara, bayan an sauke goyo, Na'ima ta cire hijabi da ɗankwali a bakin famfo tana alwala. A ranar kuwa da sabon kitso ta zo, irin na mutanensu, gashin har gadon baya. Ƙawarta Lauratu ta ga abin ya burge ta, ta ɗaga waya ta ɗauka, ta tura guruf ɗin 'yan ajinsu da rubutun yabo a ƙasa. Wallahi ba da mugunta ta yi ba, a ganinta gwaninta ta yi wa ƙawarta.

Daga guruf hoton ya faɗa wayar yayan wata, daga nan ya shiga gari. Ranar kasuwa Malam Garba ya kawo sa kara, wato kasuwar shanu, yana cikin ciniki wani ya miƙo masa waya ya ce, "Malam, wannan ba ɗiyarka ba ce?" Mutumin da ko sunan 'yarsa ba ya iya faɗa don kunya, yau ga kanta a buɗe a hannun mazan kara. Waɗanda ke wurin sun ce nan take ya bar wa ƙaninsa igiyar sa, ya miƙe sai makaranta.

Malama ya tarar a baranda. Ya ce, "Na zo in tahi da yarinyar nan. Karatun ya isa."

Saura 'yan watanni Na'ima ta zauna jarrabawar fita. Malama ba ta yi masa musu ba, ba ta kuma ce masa ai zamani ne ba, kalmar da muke fakewa da ita duk lokacin da muka kasa tsawata wa yaranmu. Ta ce, "Malam, an yi maka laifi, kuma a hannuna aka yi shi. Ka tahi da ita. Amma ka yi mani izini in zo gida." Ya ce gida ai ba a hana kowa zuwa. Ya tafi da 'yarsa tana kuka.

Kwanakin da suka biyo baya na ga Malama ta hau napep, abin da ban saba gani ba. Ita da Lauratu suka bi gida-gida na duk 'yan ajin, ana goge hoton a gabanta. Ta je rumfar Ya'u mai cajin waya a bakin kasuwa, inda samari ke taruwa, ta tsaya a tsakiyarsu ta ce duk mai hoton nan ya tuna yana da ƙanwa. Ya'u ya faɗa mini cewa bai taɓa ganin rumfarsa ta yi tsit kamar ranar ba. Duk da haka ita da kanta ta san ba za ta iya kamo shi duka ba. Ta ce da ni ta kan katanga, "Baban Surayya, zarar bunu ce, ta riga ta fita. Abin da ya rage shi ne a je a ba mai gida haƙuri."

Ranar Asabar ta ɗauki Lauratu da mahaifin Lauratu suka nufi Tamawa, Sabitu mai napep ne ya kai su, kuma shi ya ba ni labarin abin da ya gani. Malam Garba na zaune a zaure suka iso, ya gan su, ya kau da kai. Mahaifin Lauratu ya ɗaga ƙafa zai shiga, Malama ta ce ya dakata. Ta sa Lauratu a gaba, a bakin ƙofa, cikin rana, ta ce, "Yi sallama."

Yarinya ta yi. Shiru. Ta sake yi. Shiru, sai kukan tantabaru. Sai Malama ta ce, "Malam Garba, ɗiyar nan ta shiga gidanka ba sallama, ta iske iyalinka ba lulluɓi, ta kuma buɗe ma duniya ƙofa. Ba ta san gida ta shiga ba, don ni da ke koya mata ban taɓa gaya mata ba. Sallamar da ba mu yi ba ran nan, ita muka zo yi yau. In ka amsa mu shigo, in ba ka amsa ba mu koma, ba mu da ta cewa."

Lauratu ta yi ta uku. Kowa ya san bayan ta uku sai juyawa. Malam Garba ya juyo ya dube su, ya ce, "Wa alaikumus salam. Ku shigo, rana ta yi zahi."

An kawo fura da nono, an ba da haƙuri, an yi kuka. Amma haƙuri daban, komawa makaranta daban. Ya dubi Malama ya ce, "In ta koma, wa za ya tsare mani mutuncinta?" Ta ce, "Allah ne mai tsarewa. Amma in dai ina makarantar nan, ba mai ƙara ɗaukar hoton ɗiyar wani sai ya yi mata sallama ta amsa." Ya ce, "Amana?" Ta ce, "Amana." Ranar Litinin Na'ima ta dawo aji.

Tun daga ranar doka ta zauna, ba a rubuta ta a allo ba amma kowace yarinya ta haddace ta: hoto ma sai da sallama. Mai son ɗauka ta ce, "Salamu alaikum, in ɗauka?" In an ce a'a, ta sauke waya ba fushi. In za ta tura wa wani kuma, wata sallamar ce daban. Da farko abin dariya ne, har samarin gari suna kwaikwayonsu. Yanzu ku zo gidan biki a unguwarmu ku ga yadda 'yan matan makarantar nan ke yi. Ni kaina Surayya ta taɓa tsayar da ni ina shirin ɗaukar uwarta tana tuƙa tuwo, ta ce, "Baba, ka yi sallama?" Na mayar da wayata aljihu ina borin kunya.

Malama Batula, ke ce kika gane cewa yaranmu ba su rasa tarbiyya ba, sun dai shiga wani gida ne da ba wanda ya nuna musu ƙofarsa. Ke ce kika ɗauki laifin da ba ke kika yi ba kika kai shi har Tamawa a kanki. Uwa ma ba da mama, ta Ashafa mai zanen goyo! Ina alfahari da maƙwabtaka da ke, kuma ina jin zafin tafiyarki daga makarantar nan fiye da yadda zan iya faɗa.

Ranar walimar ban kwana fili ya cika. Da aka kira ta ta miƙe, wayoyi suka tashi sama ta ko'ina, amma ba wadda ta haska. Sai wata matashiyar malama ta fito daga cikin tsofaffin ɗalibai, Na'ima ce, ta gama kwalejin horon malamai tana koyarwa a wata firamare a Kurfi. Ta ce, "Salamu alaikum, Malama. Mu ɗauka?" Malama ta cire tabarau ta share ido da bakin mayafi, ta ce, "Ku bari in gyara ɗankwali tukuna, 'yan nema." Fili ya kaure da dariya, wasunmu kuma muna ta faman ɓoye hawaye.

Mun gode, Malama. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki lafiyar cin hutunki, Ya sa abin da kika shuka ya bi ki har gaba. Ku kuma malamai da iyaye, zanen goyo ba ya buƙatar kwangila, tsohon zani ne da allura da mutum mai haƙurin zama a baranda. Kafin ku saya wa yaro waya, ko ku tsoma ta a bokiti, ku koya masa inda ake tsayawa a yi sallama.

Ni ma ban rubuta wannan ba sai da na yi tawa. Na nemi izinin Malama, na nemi na Lauratu da na Na'ima, sannan na hau mota har Tamawa na tsaya a ƙofar zauren Malam Garba. Ya amsa tun a ta farko. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, sai ya ce, "Ka rubuta. Hoto dai kar ka sa. Amma sunan yarinyar nan, ka rubuta shi da kyau kowa ya gani, tunda ni bakina ba ya iya faɗinshi."