Makiyayin da ya gane kansa a zanena

"Wa ya zana wannan?"

Gabana ya faɗi. Ranar kasuwar Maigatari ce, a shekarun casa'in, lokacin ina liƙa zanen barkwanci a rumfar ɗinkina. Wani makiyayi na zana, wanda raƙuminsa ya tsere ya bar shi riƙe da igiya. Ga shi kuwa a gabana, sanda a kafaɗa, mutane sun taru.

Na ce, "Ni ne, Baba. A yi haƙuri."

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Raƙumina ya fi wannan tsayi. Gyara, zan kai wa mutanen gida."

Har yau a waya, zanen da na ga mutanenmu a ciki shi ke tsayar da ni. Ku fa?