Gandar Baba Wahabu

Baba Wahabu ya rasu a shekarar 1998, kuma wallahi har yau idan na ji wani cikin mutanenmu na London yana cewa "Allah ya jiƙan Baba, hannunsa akwai daɗi," raina ɓaci yake yi. Na san su ɗaya bayan ɗaya. Ina wurin ranar da suka daina cin abincin hannun nan.

Ni Karimatu, nas ce, daga Zariya na zo a 1984. Council, wato ƙaramar hukumar unguwa, ta ba mu flat a Whitechapel ni da mijina, ƙofarmu tana kallon ta Baba. Shi mutumin zangon Kumasi ne, ya riga ni zuwa da daɗewa, yana aiki a kicin ɗin wani asibiti, firar dankali da wankin tukwane. Gajere ne kakkaura, ba ya rabuwa da hular sanyi ko ana zafi. Hausarsa ta zango ce, mace ma "kai" yake ce mata, na yi ta gyara masa har na gaji na bari. Matarsa ta rasu tun a Ghana, bai sake aure ba, kuma Allah bai ba shi haihuwa ba.

Abin da yake da shi a duniya shi ne girkin taro. Suna ne, walima ce, saukar karatu ce, daga manyan gidajen da ke kusa da Regent's Park har ɗakunan ɗalibai, Baba ake nema. Ranar Asabar za ka gan shi a jirgin ƙarƙashin ƙasa da tukwane cikin buhu, yana ba Turawa haƙuri. A wurin taron yake samun yaran da za su hau masa cinya, da matan da za su tsokane shi a kan gwauranci, da dattawan da za su ce ya zo ya zauna kusa da su. Ya taɓa ce mini, "Karimatu, ni ba ni da gida a ƙasar nan sai inda ake suna."

A asibitin ya haɗu da Efren, wani ɗan Filifin mai tura gadon marasa lafiya. Mutanen su Efren suna da wata al'ada. Ranar Lahadi da yamma, idan an tashi daga aiki, sai su taru a flat ɗin ɗayansu su sha giyarsu, a tsakiya kuma akwai faranti ɗaya na ɗan nama da kowa yake tsinta da hannu ana hira. Pulutan suke ce masa. Ba cin ƙoshi ba ne, abin motsa baki ne don zaman ya yi tsawo. Da Efren ya ga Baba yana komawa ɗaki shi kaɗai kowace Lahadi, sai ya gayyace shi. Baba ya ce shi ba ya shan giya, ba ya cin alade, ba ya cin abin da ba yankan Musulmi ba. Efren bai yi musu ba. Ya tafi wurin mahauci ɗan Bangladesh a kasuwar Whitechapel ya sayo akuya, ya sayi sabuwar tukunya da sabuwar wuƙa, ya ajiye masa kwalbar lemo a gefe. Baba ya ci gaba da zuwa, idan la'asar ta yi ya shimfiɗa hankici a lungu ya yi sallarsa, su rage rediyo.

A can ya koyi abin da ya ƙara masa suna. Fatar akuya ce ake babbakewa a kankare, a dafa ta yi laushi, a yanka siri-siri, a kwaɓa da ruwan tsami da citta da albasa da attaruhu. Ya fara kawo ta wurin suna, mata suka sa mata gandar Baba. Na ga Hajiyoyi masu zinare har gwiwar hannu suna rige-rigen ta, har da masu ƙullawa a leda su kai wa mazajensu.

A 1989 aka yi suna a gidan Alhaji Nata'ala, wani ɗan kasuwa daga Kano. Taron babba ne, tukwane sun yi wa Baba yawa, sai Efren ya rako shi don ya taya shi ɗauka. A shekarun nan jaridun Ingila sun sa 'yan Filifin a gaba kan maganar cin kare, kowa ya gani. Efren yana ajiye tiren ganda a falon maza, sai Isma'ila, ƙanin mai gida da yake karatun lauya, ya ce masa da Turanci yana dariya, "Aboki, an ce ku kuna cin kare, gaskiya ne?"

Tsokana ce irin tamu. Da Bakatsine aka yi wa, da ya rama da wadda ta fi ta zafi, a yi dariya a wuce. Efren bai san wannan ba. Ya ɗauka tambaya ce ta neman sani, ya tsaya ya ba da amsa tsakani da Allah. Ya ce yawancin mutanen ƙasarsu ba sa ci, da yawa ma ƙyamarsa suke yi, wasu kuma sukan ci da giya. Ya ce a ƙauyensu na kan dutse akan yanka shi don wata al'ada ta mutuwa, kuma lokacin da mahaifinsa ya rasu dattawa sun yanka, an ba shi ya ci, yana yaro ƙarami, bai sake ba.

Ina bakin ƙofa da tiren shinkafa. Ba wanda ya zage shi. Hannaye ne kawai suka janye daga gandar, wani ya tashi ya nufi banɗaki. Kafin magariba labari ya isa ɗakin mata, kafin sati ya zama wai Baba yana zama da mashaya yana cin kare, kafin wata ya zama gandar ma ba a san ko fatar mece ce ba.

Ni abin da ya ƙona mini rai, dukanmu mun san garuruwan da ake cin kare a Najeriya, mun yi makaranta da 'ya'yansu, mun ci abinci a gidajensu. A nan kuma Bature zai bari karensa ya lashe masa baki, mu sayi burodi a hannunsa ba mu ce uffan ba. Malam Yusif mai koyar da yaranmu karatu ya faɗa a gaban jama'a cewa akuya ce, yankan Musulmi ce, babu haram a ciki. Aka ce masa gaskiya ne Malam, aka ci gaba da ƙin kiran Baba.

Hajiya Turai, matar Alhaji Nata'ala, ita ta aiko ni da sulhu. Ta ce Baba ya daina zuwa zaman Lahadi, mutumin nan kuma kada ya sake taɓa masa tukunya, za ta sa baki a manta da maganar. Na kai saƙon ina roƙonsa ya karɓa, domin na ga yadda Asabar take yi masa tsawo. Efren da kansa ya zo ya ce zai ja baya. Baba ya ce mini, "Ka faɗa wa Hajiya na gode. Amma an tambaye shi ne ya faɗi gaskiya. Da ya yi ƙarya, da yanzu suna ci. In kore shi a kan bai yi ƙarya ba?"

Haka shekaru suka tafi. Ana gaishe shi a masallaci, ana ba shi hannu ranar Idi, amma girki sai aka koma yin oda daga wani gidan abinci. Ya rame, ya rage magana.

A 1993 na haifi Uwaisu. Na ce wa mijina ko duk London za ta ƙi zuwa, Baba ne zai yi girkin sunan nan. Da na faɗa masa sai ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Ya ɗauki hutu a wurin aiki. Efren bai leƙo ko unguwar ba, don kada a ce. Baba ya ja Malam Yusif har wurin mahauci ya shaida akuyar da idonsa. Ya yi dafa-duka, ya yi farfesun kayan ciki, ya yi gandar.

Mutane sun zo, flat ya cika har baranda. Kowa ya ce sannu da aiki Baba, mun yi kewar hannun nan. Sai dai kowa ya ce ya ƙoshi, a ƙulla masa ya tafi da shi gida. Baba yana ƙullawa yana dariya, yana ƙara wa masu yara. Tire ya ƙare tas kafin la'asar. Na ga yana tafiya kamar an rage masa shekaru.

Da aka watse ya ɗauki shara zai kai ƙasa, kamar yadda ya saba bayan kowane taro. Na ce ya bari, ya ce kul, mai jego ba ta ɗaukar shara. Ya daɗe bai hawo ba, sai na leƙa ta taga. Yana tsaye gaban babban kwandon sharar gidan da murfin a hannunsa. Ko daga sama ina hango ƙullin ledojin abincin a ciki, wasu ba a ma kwance su ba.

Ya hawo a hankali, ya wanke tire, ya goge, ya jera. Ya karɓi Uwaisu ya yi masa addu'a. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Karimatu, da sun bari a tire. Efren yana da yara huɗu, da sun ci."

Bai sake yi wa taro girki ba har ya bar duniya.