Ya Haƙori

A shekarata ta biyu a jami'a a Greensboro ta Amurka na zauna a wani tsohon gidan katako a Glenwood, ni da wani ɗan Damagaram mai karatun injiniya. Unguwar ɗalibai ce, kuma ɗaliban wurin sun ɗauki shan giya kamar darasin dole: a tsaye, cikin taro, a jajayen kofunan roba, da ihu. Abokin zamana bai yarda da wannan rashin tarbiyya ba. Shi a zaune yake sha, shi kaɗai, bayan la'asar, a ƙaramin kofin shayin da ya taho da shi daga gida, kuma da hannun hagu. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce hannun dama bai yi masa laifin komai ba.

Yana da budurwa 'yar garin, mai karatun aikin jinya. Idan suna shiri, kwalba takan yi ƙura a saman firji, shayi ya koma kofinsa. Idan sun saɓa, kwandon shara ke fara ba ni labari. Faɗan kuma guda ɗaya ne kullum. Tana da mota, shi ba ya zama a gaba. Sai ya shige baya, ita tana tuƙi kamar direbar wani Alhaji. In ta tambaye shi abin da ke damunsa, sai ya fassara mata "lafiya lau", amsar da Bahaushe zai bayar ko ana cikin ciro shi daga rijiya.

Ni na san labarin. Ya ba ni shi wata rana muna yanka albasa. Motar haya ce tsakanin Damagaram da Maraɗi, shi da yayansa a gaba, taya ta fashe. Yayan ya rasu nan take. Shi ya farfaɗo a asibiti da guntulen haƙorin gaba, an riga an tashi daga zaman makoki. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce masa barka da arziki.

"Na amsa barka har na fara zaton haihuwa aka yi mini," in ji shi. "Miƙo tumatir."

Wata Asabar da hantsi yarinyar ta zo, shi ya riga ya tafi wurin aiki. Ta ƙi zama. Ta ce a ƙarshe ya gaya mata batun hatsarin, ita kuwa ta ce masa ya gode wa Allah da ya tsira. Ya tashi ya fita, tun ranar bai je aji ba, ko ta waya tana jin giyar a muryarsa.

"Ina son sa," ta ce, "amma ba zan zauna ina kallonsa yana narkewa ba. Yau zan gwada na ƙarshe. Ku a wurinku me ake cewa?"

Na gane ta sake yi masa barka ne, da Turanci. Na ce mata akwai tambayar da ake yi wa wanda aka yi wa rasuwa, kuma a sanina ba a taɓa yi masa ita ba: ya haƙuri. Muka yi bita a tsaye a kicin. Harafin ƙ ya ba ta wahala, ta yi ta fama da shi kamar mai ƙaya a maƙogwaro, har ya fito. Na ba ta maki mai kyau.

Ya dawo da yamma, ya gan ta, ya ɗauko kofinsa da kwalba ya zauna. Ta durƙusa a gabansa, abin da ban koya mata ba, ta dube shi ta ce, "Ya haƙori?"

Ƙ ɗin ya fita tsaf. Wasalin ne ya kuɓuce.

Ya kai harshe kan guntulen haƙorin. Ya dube ni.

"Malam, aikinka ne wannan?"

"Haƙuri na koyar. Ɗalibar ce ta yi ƙari."

Ya yi dariya har ya kifa kai a kan gwiwa, sai dariyar ta daɗe fiye da abin dariyar, kafaɗunsa suna rawa. Yarinyar ta waiwayo tana tambayata da ido ko ta yi ɓarna. Na ce ta tsaya inda take.

Da ya ɗago ya ce, "Da godiya." Ita ce amsar da ake bayarwa a zaman makoki. Sannan ya fara ba ta labarin yayan nasa, Turanci da Faransanci da Hausa duk a haɗe: tsayinsa, rowarsa da rediyo, yadda suka yi gardama a tasha kan wanda zai zauna kusa da taga. Na ɗauki kekena na bar musu gidan.

Bai daina sha ranar ba, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma ta raka shi wurin mai ba da shawara a makaranta, kuma ba ta rabu da shi ba. Kwandon shara ya rage surutu. Wajen ƙarshen zangon na hango su daga baranda, yana kujerar gaba, ya riƙe ƙofa da hannu biyu, ita kuma tana tafiya a hankali har motar bayansu tana yi musu hon.