Tuwon da Kofur ba ya ci

Mijina ya dawo daga yaƙin Bama na zamanin Turawa da ɗingishi kaɗan da kuma dokoki barkatai. Sunansa na yanka ma ya ɓace a Dangora, kowa Kofur yake ce masa. Da ya fara sayen gyaɗa yana kaiwa Kafin Maiyaƙi a jakai, sai ya ɗauki ma'aikata shida, magidanta, ya sa suna jeruwa da sassafe yana duba akumari ɗaya bayan ɗaya. Wannan duk sun haƙura, har suna dariya.

Abincin rana ne ya kawo rigima, ni kuwa nake tuƙawa. Dokar Kofur ita ce shugaba ba ya ci sai mutanensa sun ƙoshi. Su kuma tarbiyyarsu ba ta yarda su sa hannu a akushi kafin maigida ba. Sai a zauna a zaure, shi yana cewa "Bismillah, ku ci," su suna cewa "A'a, ranka ya daɗe, kai dai fara." Tuwo na hucewa, miyar kuka na daskarewa. Daga baya yunwa ta sa suka riƙa ci, yana gefe yana kallonsu.

Ba a yi wata guda ba magana ta zaga gari: wai ina barbaɗa magani a miya don a mallake ma'aikata, shi ya sa mai gidan ba ya taɓawa. A rijiya mata suka daina amsa gaisuwata da kyau. Gidan suna na kai ɗanwake, aka dawo min da kwanon yadda na kai shi. Ranar na yi kuka sosai.

Na tare shi na ce, "Malam, sojanka zai kashe min suna."

Ya ce a daji ya ga hafsan da ke fara cika cikinsa, ranar wuya ba wanda ya bi shi. Na ce to, nan ba daji ba ne, Dangora ce. Muka yi ta ja har muka daidaita: zai sa hannu ya yi loma ɗaya kowa na gani, ya tashi, sai sun gama ya ci saura. Sauran kuwa sau da yawa ƙanzo ne.

Surutu ya lafa. Shekara uku mutanen nan shida ba wanda ya bar shi, alhali wani mai sayen gyaɗa a unguwarmu duk kaka sai ya nemi sababbi.

Wata rana matar wancan mai sayen gyaɗar, wadda ita ta fara yaɗa zancen, ta shigo ta ja ni bayan rumbu ta rage murya.

"Yaya, don Allah ki sam min maganin nan."

Na ce, "Ki ce wa mijinki ya riƙa ci daga ƙarshe."

Ta harare ni, ta gyara mayafi, ta ce ba ta taɓa ganin marowaciya irina ba.