Gurbi Biyu a Layin Gidanmu

Ta tashar motar Sabkha nake bi in na tashi daga kamfanin jigilar kayan da nake wa aiki. Rannan da la'asar na tarar da leburori sun yi layi suna jiran motar Sonafur, unguwar da suke kwana, shugabansu yana bi yana dafa kafaɗar kowa yana ƙirge, yana ta hanzarta su da yalla, yalla. Ƙarar tafin hannu a kan rigar da ta jiƙe da gumi ita ta tsayar da ni. Ka yarda da ni, cikin zafin nan na Dubai da ke dafa mutum a tsaye, sai da tsigar jikina ta tashi.

Mazaɓar da aka haife ni a cikinta yanzu babu ita. Ƙauyuka ne na bakin fadama, manoman gyaɗa da rake, aka haɗa su aka ba su kujera ɗaya tun zaɓen farko. Soja su zo su rufe, su tafi a buɗe, jam'iyyu su sake suna da tuta, mu dai ɓangare biyu muka sani. Kakana ya zaɓi nasa tun yana da ƙarfinsa, ya ce nan gidansa zai tsaya, kuma nan aka tsaya ko jaki aka tsayar takara.

Akwai wata al'ada a garinmu da ban taɓa jin ta a wani wuri ba. Ranar zaɓe gida-gida ake shiga layi, kuma duk gidan da maigidansa ya rasu, sai a bar masa gurbi daidai tsayuwar mutum ɗaya, ba mai taka wurin. Liman ya yi wa'azi har ya gaji. Tsofaffi su ce ai ba ƙuri'a mamacin zai jefa ba, girmamawa ce kawai. Kakata ce ke tsare gurbin kakana, kuma ko akuya ta ratsa ta wurin sai ta sha jifa.

Ina firamare aka zo da zaɓen ƙato-bayan-ƙato. Ba akwati, ba ɓuya. A kafa hoton ɗan takara a jikin sanda, masu sonsa su jeru a baya, malamin zaɓe ya bi yana dafa kafaɗa yana ƙirge da ƙarfi. Duk abin da ke zuciyar mutum sai ya fito fili da ƙafafunsa.

A daminar da ta gabaci wannan zaɓen ƙanwata ta rasu a kan amalanke a bakin rafi. Ruwa ya cika, asibiti na ƙetare, gadar da ɓangarenmu ke alkawari duk zaɓe kuwa tana nan a baki. Baba bai yi kuka a gabanmu ba. Amma da kaka ta yi, aka fara raɗe-raɗin cewa zai tsallaka ɗaya layin. Ba don ya yarda da wancan ɗan takarar ba. Ya ce kawai ƙafarsa ba za ta iya tsayawa bayan wannan hoton ba.

Baba ɗan fari ne, don haka kakata ba ta kiran sunansa, ba ta ma yi masa magana kai tsaye. Da safen ranar zaɓen tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, shi yana alwala, sai ta dube ni. Maigidana take ce mini saboda wasan jika.

“Maigidana, gaya wa wancan, duk wanda ya tsallaka yau, gurbi zan bar masa kusa da na ubansa.”

Ban gaya masa ba, ya ji. Ya ajiye buta ya ce, “Inna, ki yafe mini.” Ni dai na tsorata ƙwarai, don na san su wa ake bar wa gurbi.

A filin makaranta aka yi, ƙarƙashin wata tsohuwar kuka, rana tsaka. Ƙanshin harawa ya cika iska. Ina riƙe da gefen zanen kakata lokacin da Baba ya wuce mu kansa a ƙasa, ya shiga ɗaya layin, kusan daura da mu. Sai ta ja da baya taku ɗaya, ta sake ja. Fili ya buɗe a gabanta na mutum biyu. Wata cikin matan bayanmu ta fara salati ƙasa-ƙasa.

Malamin zaɓen baƙo ne daga birni, matashi mai farar riga, bai san al'adarmu ba. Ya taho yana dafawa yana ƙirge, idonsa rabi a rufe saboda rana. Ya dafa kafaɗar mutum na ƙarshe a gidan da ke gabanmu, ya matso gurbin kakana. Ban ga ya yi tuntuɓe ba, ban ga ya yi shakka ba. Ya ɗaga hannu ya sauke, hannun ya tsaya a iska daidai tsayin kafaɗar dogon mutum. Na ji ƙarar. Wallahi na ji ta, irin ta tafi a kan riga. Ya faɗi lamba.

Ya ɗaga ƙafa zuwa gurbi na biyu, hannunsa ya sake tashi. Na waiga wajen Baba, na gan shi ya dafe kafaɗarsa ta dama, fuskarsa ta yi fari kamar toka.

Tsohuwar da sai an kama ta take miƙewa daga tabarma, ban san lokacin da ta fizge zanenta daga hannuna ba. Ta yi tsalle ta faɗa cikin gurbin, hannun malamin ya sauka a kanta.

“Wannan da ransa,” ta ce. “Da ransa, ɗan nan. Ni za ka ƙirga.”

Sai a lokacin malamin ya buɗe ido sosai. Ya dubi filin da ya wuce, ya dubi tafin hannunsa, ya goge shi a riga. Bai gyara lissafin ba, kuma ba wanda ya ce ya gyara.

Ban ma tuna wa ya ci ba, kuma bai daɗe ba soja suka sake rufe komai. Da aka dawo, sai aka raba ƙauyukanmu tsakanin manyan mazaɓu biyu, sunan tamu ya ɓace. Baba bai koma layin gidanmu ba har ya rasu, kakata ba ta sake tayar da maganar ba, tuwonsa kuma ita ta ci gaba da zuba masa da hannunta.

Yanzu a ɓoye ake dangwala yatsa, ba mai sanin inda wani ya tsaya, wataƙila hakan ya fi zaman lafiya. Mu da ke waje ko ƙuri'ar ba mu da ita. Shekaru sun yi yawa rabona da gida, yaran da aka haifa bayana a waya kawai suka san muryata. Yayata ta ce tsofaffin garin har yanzu suna barin gurbi a layin tantancewa, wasu ma har da na waɗanda suka yi nisa suka daɗe ba su dawo ba. Na kasa tambayarta ko akwai nawa. Ba gurbin ne ke ba ni tsoro ba. Tsorona shi ne wadda za ta faɗa ciki ta ce wannan da ransa, mun binne ta tuntuni.